Zan raka iyayena yawo a jirgin ruwa: ta yaya za mu kauce wa cunkoso?

Ummu Hanif, Mabera:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin duk wanda ya taɓa shiga irin manyan jiragen ruwan nan na yawon buɗe ido, waɗanda ake kwana a cikinsu mako guda suna zagaya garuruwa.

Babanmu ya ajiye aikin gwamnati bara. Yayanmu da ke aiki a Dubai ya ce shi tukuicinsa shi ne ya sa Baba da Inna a jirgin ruwa su huta, ni kuma in bi su in kula da su tunda ni ce babba a mata. Baba ya yi murna ƙwarai, don shi mutum ne mai son ruwa, tun muna yara yake kwasar mu zuwa Goronyo mu ga dam. Damuwar a wajen Inna take. Tun shekarar da ta sauke farali aka matse ta a hanyar jifa har ta kai ƙasa, ba ta ƙara iya jure turmutsutsu ba. Ko sallar Idi a sahun ƙarshe take tsayawa, kuma ba ta tashi sai fili ya watse. In mutane suka yi mata yawa sai numfashinta ya riƙa yin sama-sama, hannunta ya ɗauki rawa. Ga ciwon gwiwa, hawa biyu na bene ya ishe ta wahala, ga kuma hawan jini.

Ina duba bidiyon jiragen a YouTube ta leƙo ta ga layin masu shiga, ta ga wurin cin abinci cike maƙil, sai ta ce ita kam a bar ta a gida. Baba kuwa ya ce ba inda za shi ba tare da ita ba. Yaya ya riga ya tara kuɗin, kuma na san yadda abin yake a ransa. Ni ma ina so ta je, don matar nan ba ta taɓa yin tafiyar da ba ta ibada ko gaisuwar rasuwa ko biki ba.

Ejan ɗin da muke magana da shi ya ba mu zaɓi biyu. Ko dai a tashi daga Dubai a ƙarshen Disamba a zagaya Abu Dhabi da Doha da Maskat, ko kuma a tashi daga Basalona a watan Agusta a bi ta Faransa da Italiya. Duka biyun sun dace da hutun makarantar da nake koyarwa, shi ya sa ya kawo su. Abin da nake so in sani shi ne, da gaske mutum zai iya yin mako guda a cikin jirgi mai ɗauke da dubban mutane ba tare da an matse shi ba? A ina ne cunkoson ya fi tsanani, kuma da wane lokaci? Don Allah wanda ya gani da idonsa ya faɗa mini gaskiya. In abin ba zai yiwu ba gara mu sani tun yanzu.

Hajiyar Gawon Nama:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya yi muku albarka ke da yayanki, ya ba ku masu yi muku. Ki gaishe mini da Inna, ki karanta mata wanga saƙo da bakinki, don ni ma tsohuwa ce mai gwiwa, da sanda nake tafiya.

Ɗiyata da ke aikin jinya a Ingila ta kai ni. Daga Basalona munka tashi, munka tsaya Marsel, da Jenowa, da tashar da ke kusa da Rum, da Palermo, da Malta. Abin da na fahimta shi ne, mutanen nan duk yawansu agogo guda suke bi. Tare suke kwana, tare suke tashi, tare suke jin yunwa, tare suke son sauka. Su raba dare wurin kiɗa da kallo, ba su farkawa sai hantsi. Mu kuwa Allah ya riga ya tsara mana ranarmu daban. Wanda ke tashi sallar asuba ya kwanta bayan isha'i, ba tare da wata dabara ba zai riƙa saɓawa da su a hanya. Suna shiga kuna fita.

In na idar da asuba na yi azkar, sai mu hau can sama inda ake shan iska. Ba kowa sai ma'aikata. Wani na wanke daɓe da tiyo, wani na jera kujerun kwanciya ɗaya bayan ɗaya yana ɗora tawul a kan kowace, ƙamshin burodi na tasowa daga kicin. Ƙasan a jiƙe yake, don haka ki riƙe hannun Inna, ta sa takalmi mai kama ƙasa. Sai wasu tsofaffin Turawa biyu ko uku masu zagaye, su ɗaga miki hannu su wuce. A lokacin ne jirgin ke shiga tasha. Kina tsaye za ki ga ƙaramin jirgin da ke kawo jagoran tasha ya matso ya manne da namu, mutumin ya kama tsani ya hau, sannan a jefa igiyoyi masu kaurin cinya a ɗaure. Baba mai son ruwa, wanga kallo kaɗai ya biya shi kuɗinsa, kuma ba wanda zai taɓa kafaɗarsa.

Daga nan ku wuce zauren abinci na ɗebi-da-kanka da zarar an buɗe. Ku zaɓi tebur na bakin taga, ku ci a tsanake. Kafin ƙarfe takwas kun gama kun tashi. Wurin nan da tara na safe, ko da ɗaya na rana, sai ki rantse Tsohuwar Kasuwa ce ranar jajiberin salla: kowa riƙe da faranti yana neman wurin zama, yara na ratsawa ta ƙarƙashin hannu. Shi ne abin da Inna ta gani a bidiyo, kuma gaskiya ne, amma awa biyu ne zuwa uku a yini. In ya zama dole ku shiga a lokacin, kada ku tsaya a bakin ƙofa. Mutane abincin farko da sunka gani nan suke yin layi, alhali irinsa yana can ciki wajen ƙarshen jirgi, ga kujeru ba kowa. Ki zaunar da Inna tukuna, ke ki je ki ɗebo mata.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, babban ɗakin cin abinci inda ake zama a kawo maka takarda ka zaɓa, ba na dare ba ne kaɗai. Yana buɗewa da safe, kuma sau da yawa da rana, duk a cikin kuɗin da kunka biya. Wani ma'aikaci ɗan Indonesiya, musulmi, shi ya ga sandata ya faɗa wa ɗiyata. A can ba layi, ba tsayuwa. Shi ne kuma ya riƙa nuna mana abin da aka dafa da giya ko naman alade, munka tsaya kan kifi da ƙwai da shinkafa da ganye. Ma'aikatan jiragen nan da yawa 'yan Indonesiya ne da Indiya da Filifin, ba za ki rasa musulmi a cikinsu ba. Abincin dare zama biyu ake yi, na farko da na biyu. Ki nemi na farko tun wurin yankan tikiti, ki kuma roƙi tebur naku ku kaɗai kusa da ƙofa. Kada ku zo daidai minti da ake buɗewa, don mutane taruwa suke yi a bakin ƙofa. Ku ba su minti goma su shige.

Ranar shiga ita ce ta fi kowace. Za a ba ku lokacin zuwa tasha. Kowa so yake ya riga kowa, sai su taru tun hantsi, su shiga ɗakuna ba a gama gyarawa ba, su ɗunguma wurin abinci da jakunkunansu. Ku zaɓi lokaci na baya, bayan azahar, ku ci abincinku a masauki ku yi salla sannan ku taho. Za ku tarar layi ya ragu, ɗaki a shirye, kai tsaye Inna ta je ta miƙe ƙafa. Sai dai ki duba lokacin da ake rufe shiga, ku ba shi tazara mai kyau. Kuma ki sa a rubuta tun daga gida cewa tana buƙatar keken tura marasa lafiya a tasha. Ba abin kunya ba ne. Hanyar daga inda ake duba fasfo zuwa cikin jirgi doguwa ce mai hawa, kuma masu keke ta gefe ake bi da su.

Akwai atisayen ceton rai da ake yi kafin jirgi ya tashi, wanga ba a gudunsa, doka ce. A jirginmu bidiyo munka kalla a talabijin ɗin ɗaki, sannan munka je wurin taruwarmu anka duba katinmu. Ki je da wuri tun kafin a yi shela ta ƙarshe. Wasu jiragen kan tsayar da lifta a lokacin, don haka ki tambayi mai gyara ɗakinku yadda za a yi da mai ciwon ƙafa. Kuma ki gaya wa Inna za a busa ƙaho mai ƙara sosai, gajeru bakwai da dogo ɗaya, kada gabanta ya faɗi.

Lifta ita ce ba ni da cikakken maganinta. Masu ƙafa suna bin matakala, mu ba mu iyawa. In an tashi daga ɗakin wasanni, ko ana canjin zaman abincin dare, ko an dawo daga gari da la'asar, sai ta zo a cike ta wuce a cike. Abin da muke yi, mu sami kujera nesa kaɗan mu zauna har rububin ya lafa. Na tsakiyar jirgi sun fi cika, na can gaba da na baya sun fi sauƙi. Ki roƙi yayanki ya ƙara kuɗi ya kama ɗaki mai baranda, kusa da lifta amma ba a bakinta ba, kuma ba a ƙarƙashin wurin ninkaya ba, don jan kujeru da kiɗa za su hana Baba barci. Barandar nan ita ce mafakarku. Duk sanda waje ya cika, Inna ta zauna da carbinta tana kallon ruwa, a kawo mata shayi har ɗaki. Ku tafi da buta, bayin ƙarami ne kuma babu ita. Alƙibla tana juyawa da juyawar jirgi, kuma ƙarfen jirgin yana ruɗa kamfas ɗin waya, amma akwai tasha a talabijin da ke nuna taswira da inda jirgi ya dosa, da ita muke kintata.

Maganar sauka gari, ba kowace tasha ce sai kun sauka ba. Ranar da anka tsaya tashar Rum, kusan kowa ya fita tun da safe, don garin yana da nisan kilomita 80 daga bakin ruwa. Ni na ce a bar ni. Jirgin nan gaba ɗaya ya zama nawa, na zaga inda ban taɓa iya zuwa ba, lifta tana jirana. Inda kuke son sauka kuwa, ku bar masu motocin rangadi su fice, wajen goma da rabi ku taka a hankali ku fita, ku dawo awa biyu kafin lokacin da anka ce kowa ya dawo.

Injiniya Ɗan Rima:

Hajiya ta yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara girma. Amma Malama, ina ganin akwai abin da ya kamata ki warware tun kafin a kai ga tsarin yini, domin ranakun da ejan ya ba ki duka biyun su ne mafi cika a shekara. Agusta shi ne watan da Italiya da Faransa da Sifen suke tafiya hutu da iyalansu, ƙarshen Disamba kuwa Kirsimeti ne da sabuwar shekara, makarantu a rufe kusan ko'ina.

Ga dalilin da ya sa wannan yake da muhimmanci. Kamfanonin nan suna lissafin cikar jirgi ne a kan mutum biyu a kowane ɗaki. Amma ɗakuna da yawa suna da gado na uku da na huɗu da ake saukowa da su daga bango ko rufi. Lokacin hutun makaranta yara ke cika waɗannan gadajen, sai jirgi ya wuce ɗari bisa ɗari. Ɗauki Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean da ya fara aiki a 2024: a lissafin mutum biyu-biyu fasinja 5,610 ne, amma in an cika kowane gado ya kai 7,600, ban da ma'aikata fiye da 2,000. Jirgin bai ƙara girma ba, liftoci da wuraren abinci ba su ƙaru ba, amma bambancin kusan mutum 2,000 tsakanin mako da mako. Tashi da asuba zai taimaka, amma ba zai rage waɗannan ba.

Akwai ɗan lissafi da za ki iya yi da wayarki. Kowane jirgi ana rubuta girmansa da tan, wanda ma'aunin faɗin cikinsa ne ba nauyinsa ba. Ki raba wannan adadi da yawan fasinja. Shi wancan jirgin tan 248,663 ne, in kin raba da 5,610 za ki sami 44, in kin raba da 7,600 ya sauko 33. Jirgin MSC World Europa, wanda aka mai da shi otal a Doha lokacin gasar cin kofin duniya ta 2022, tan 215,863 ne da fasinja har 6,762, kusan 32 ke nan in ya cika. Duk abin da ya haura 40 za a ji sarari, abin da ya kusanci 30 za a ji matsi. Don haka girman jirgi shi kaɗai ba ya nuna komai. Ki tambayi ejan sunan jirgin, ki duba lambobin da kanki.

Ni shawarata ki nemi izinin mako guda a wurin aiki, ku je yankin Gulf, wato hanyar Dubai ɗin nan, tsakanin tsakiyar Janairu da farkon Fabrairu, bayan masu hutu sun koma. Kakar jiragen can ta hunturu ce, daga wajen Nuwamba zuwa Maris ko Afrilu, ruwan kuma galibi a kwance yake, wanda ya fi wa tsofaffi. Farashi ma yana sauka. In kuwa Bahar Rum kuke so, to Mayu ko ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Ki duba kada ya faɗa cikin azumi ko hutun Ista.

Abu na biyu, ki duba jerin tashoshin, ki tambaya ko akwai inda jirgi ba ya isa gaɓa. A irin waɗannan wuraren can tsakiyar ruwa yake tsayawa, a riƙa jigilar mutane da ƙananan jirage, a raba lambobi, a jira a matse a ƙasan jirgi, sannan a taka daga babba zuwa ƙarami yana rawa. Tsibirin Santorini na Girka shi ne babban misali. Bayan an sauke ka a gindin dutse, sai ka bi layin keken waya mai hawa sama, ko matakala kusan 600. Cunkoson ya kai har hukumomi suka ƙayyade fasinjojin jiragen ruwa 8,000 a rana daga 2025. Wannan ba wurin Inna ba ne ko kaɗan. Akwai shafukan intanet da ke nuna jirage nawa za su tsaya a tasha ɗaya a rana ɗaya, ki duba ranakunku. Gari ƙarami in jirage huɗu suka sauke masa mutane, duk dabararki sai an taka ki.

In aljihun Yaya zai ɗauka, wasu jiragen suna da sashe na musamman mai ƙofa da kati, kamfanin MSC suna kiransa Yacht Club, kamfanin Norwegian suna kiransa The Haven. Wurin abincinsu daban, wurin shan iskarsu daban, kuma ana shigar da su a fitar da su ba layi. Kuɗin yakan ninka, amma ga mai irin lalurar Inna ni ina ganin gara a rage kwanaki a kama can.

Kada ki biya ko sisi sai an tabbatar miki da biza a rubuce. Mai fasfon Nijeriya kowace ƙasa da jirgi zai tsaya sai an duba sharaɗinta, ko da ba za ki sauka ba, kuma tunda za ku fita daga Daular Larabawa ku dawo, biza mai shiga da fita sau da yawa ake buƙata. Ku kuma isa Dubai aƙalla kwana ɗaya kafin ranar tashi. Daga Sakkwato zuwa Abuja ko Kano zuwa can, jinkiri ɗaya ya isa, jirgin ruwa kuwa ba ya jiran kowa.

Abu Yusra, Runjin Sambo:

'Yar'uwa, tunda kin ce Baba da Inna ne, ki sa Yaya ya duba AROYA. Kamfanin Saudiyya ne, jirginsu ya fara tashi daga Jidda a Disamban 2024. Ba giya, ba caca, abinci halal ne, akwai wurin salla. Tan kimanin 150,000 ne da fasinja 3,300 da ɗoriya, in kin bi lissafin Injiniya ya haura 40. Hanyarsa tana canzawa da kaka, don haka a duba inda yake a watan da kuke so, a kuma duba halin tsaron yankin, don a 2024 kamfanoni da dama sun janye jiragensu daga Bahar Maliya saboda hare-haren da ake kai wa jirage. Sai dai a lura, dabarar Hajiya za ta ɗan canza a can, domin iyalan Larabawa ne suka fi yawa, su kuma da dare suke fitowa da yaransu. Safiya dai taku ce.

In kuma hanyar Maskat ɗin kuka bi, ga wani abu. Babban masallacin Sultan Qabus ana buɗe shi ga baƙi waɗanda ba musulmi ba da safe ne kawai, zuwa ƙarfe 11, ban da Juma'a. Duk motocin jirgi a lokacin suke tururuwa can. Ku musulmi ne, ku ɗauki tasi ku je sallar azahar, za ku same shi a natse, Inna ta ga shimfiɗa da ginin a tsanake. Kasuwar Mutrah tana kusa da tasha, lungunanta ƙanana ne, in 'yan jirgi suka cika ta ba ta shiguwa ga mai tsoron matsi. Ke ki je ki sayo mata lubban da turaren wuta. A Doha gidan tarihin fasahar Musulunci yana kusa da tasha, fili ne mai faɗi da wuraren zama.

Anti Nas, Arkilla:

Ni ta fuskar lafiya zan ƙara. Inda mutane suka taru a rufe, ciwon amai da gudawa na ƙwayar norobairos yana saurin yaɗuwa, kuma tsofaffi ya fi kayarwa. Wanke hannu da sabulu ya fi man shafawa na kwalba aiki a kansa. Cokulan ɗibar abinci da maɓallan lifta su ne hannu dubu ke taɓawa, wani dalili ke nan na bin ɗakin abincin da Hajiya ta faɗa. Maganin hawan jinin Inna ya kasance a jakar hannunki a cikin kwalinsa da takardar likita, don manyan akwatuna ba sa isa ɗaki sai yamma. Ku ga likitanta kafin tafiya, ki gaya masa maganar firgitar nan ƙarara, ya kuma zaɓa mata maganin jiri da ba zai yi karo da nata ba. Asibitin cikin jirgi kuɗi ne mai yawa, ku yanki inshorar tafiya. Katin rigakafin shawara ma ya kasance tare da fasfo.

Ummu Hanif, Mabera:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, na karanta wa Inna saƙonki bayan magariba, ta sa na maimaita mata wurin baranda da wurin keken turawa. Ba ta ce e ba tukuna, amma ta tambaya ko barandar tana da kariya mai tsayi, kuma ta daina cewa a bar ta. Injiniya, na tura wa Yaya lissafin, ya ce zai nemi na Janairu, ni kuma zan shigar da takardar neman izini. Saura abu biyu, Hajiya. A jerin da aka ba mu akwai rana ɗaya da ba a tsayawa ko'ina, kowa yana cikin jirgi. Yaya kuka yi da ita? Sannan ranar fita, ba haka za a sake yin turmutsutsun ba?

Hajiyar Gawon Nama:

Ki ce mata kariyar ta kai ƙirjin mutum irina, gilashi ne mai kauri da ƙarfe a sama.

Ranar teku ita ce sama ke cika tun hantsi, kowa ya kwanta bakin wurin ninkaya, ga kiɗa, ga shigar da Baba ba zai so gani ba. Ku sha iskarku da asuba ku sauko. Da rana ƙananan benaye ne ba kowa, wuraren zaman da sai dare ake cika su. Mun sami wani lungu mai manyan tagogi a can gaba, nan muke zama da ɗiyata har la'asar. Kullum da dare ana kawo takardar shirin gobe, ko ki gani a manhajar jirgin. Ki karanta ta don ki san inda taro zai kasance da ƙarfe nawa, sai ku bi wata hanya. Ki kula da benen shaguna ranar, don suna baza kaya a tsakiyar hanya su ce an yi rangwame, wurin ya toshe.

Ranar fita, tun daren jajiberi za a ba ku takardun launi ku ɗaura a akwatuna ku aje su bakin ƙofa. Kowane launi da lokacinsa. Ki je wurin masu karɓar baƙi tun saura kwana biyu, da sassafe kafin layi, ki nemi launi na ƙarshe, ki kuma sake rubuta sunan Inna a masu keke. Za a ce ku bar ɗaki da wuri, wajen takwas. Kada ku tsaya a bakin matakala inda mutane ke jibgewa da kaya, ku tafi inda anka ware wa masu keke ku zauna har a zo a ɗauke ta. In kun sauko za ku tarar akwatunanku sun rage su kaɗai a zauren, ba sai kin yi ta tono ba. Don haka kada Yaya ya yanki tikitin jirgin sama na safiyar ranar, ya bari sai dare ko washegari. Ki ware kayan da za ku sa da safe da maganinta kafin ki fitar da akwatuna, ku kuma tafi da rigunan sanyinku na hunturu, don iskar teku da asuba a Janairu tana shiga jiki.